Jinyar mai ciwon hanta: rabin aikin yana hannun mutanen gida

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a babban asibitin Maraɗi, ko na Damagaram, ko na Tawa, ko na Yamai, ya san wannan majinyaci. Sau da yawa namiji ne, magidanci mai ƙarfi a jika. Hannuwansa sun rame, ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafunsa sun hau, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Bara war haka shi ke gaba wajen noman gandu. Yau sai an kama shi kafin ya tashi zaune. A waje, ƙarƙashin inuwa, matarsa da ƙanensa da tsohuwarsa suna bisa tabarma da kwanuka da buta, suna jiran abin da lokotoro zai ce.

Idan lokotoro ya fito, maganarsa gajera ce: hanta ce, kuma ciwon ya yi nisa. Daga nan mutanen gida sukan rabu biyu. Wasu su ce a naɗe tabarma a koma gida, tun da likitoci sun kasa. Wasu su ce a sayar da bisashe da gona, a biɗi magani duk inda yake. Kowane ɓangare yana da nasa kuskure. Gaskiya ne, hantar da ta lalace ƙwarai ba ta komawa sabuwa. Amma akwai aiki mai yawa da ya rage, kuma rabinsa a gida ake yin sa. Abin da aka zuba cikin tukunya, da abin da aka lura da shi cikin dare, da abin da aka hana a ba majinyaci, su ne ke ƙara masa sauƙi ko su ƙara masa wahala.

YADDA HANTA KE LALACEWA

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin babban mutum ya kai kamar kilo 1 da rabi. Jinin da ya ɗauko abinci daga hanji, ta cikinta yake bi kafin ya isa zuciya. Ita ke tace dafi, ita ke ajiye sukari don lokacin yunwa, ita ke yin ruwan maɗaciya. Ita ce kuma ke yin sinadarin da ke sa jini ya daskare idan mutum ya yanke, da wanda ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi.

Hanta mai haƙuri ce. Cuta tana iya cin ta shekara 20 ko 30 mutum bai ji kome ba. Kowane rauni yakan bar tabo, tabo ya hau bisa tabo, har hanta ta taurare ta tsuke kamar fatar da aka manta a rana. Wannan shi ne likitoci ke kira siroz. Idan ta taurare, jini ba ya samun hanyar wucewa da sauƙi, sai ya taru baya kamar ruwan gulbi da aka datse. Daga nan ruwa ke tsattsafowa ya cika ciki, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura har su fashe, dafin da ba a tace ba ya hau ƙwaƙwalwa. Bisa tauraren hanta ne kuma ciwon kansa ya fi tsirowa.

Mutane da yawa suna tsammanin ciwon mashaya ne kaɗai. Lalle giya tana kashe hanta. Amma a ƙasashen Afirka ta Yamma babban dalili shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira epatit B, wadda wani masani ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamarta cikin jini a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Mafi yawansu tun suna ƙanana suka kamu, wasu ranar haihuwa daga jinin uwa, wasu wajen wasa da ƴan uwa masu ƙuraje da raunuka, wasu daga askar da ta taɓa wani. Jaririn da ya kamu, sau 9 cikin 10 cutar takan zauna jikinsa har girma. Babban mutum kuwa, mafi yawan lokaci jikinsa yakan kore ta da kansa. Saboda haka malamin da bai taɓa kusantar giya ba yana iya kwanta da wannan ciwo, kuma zargin majinyaci zalunci ne. Hakanan ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa aikin kishiya ba.

Akwai wasu dalilan: epatit C, wadda ita ma ta jini take bi, da tsargiyar hanji a wuraren da mutane ke aiki cikin ruwan fadama da na gulbi, da yawan ƙiba tare da ciwon sukari. Sanin dalili yana da amfani ko ciwo ya yi nisa. Epatit B tana da ƙwayar magani guda a yini, irin su tenofobir, mai danne cutar, kuma an ga majinyata da suka samu sauƙi sosai da ita bayan ciki ya riga ya kumbura. Sai dai ba a daina shan ta ba da izinin lokotoro ba, don cutar takan taso da ƙarfi fiye da na da. Epatit C kuwa ana warkar da ita da magani na mako 12 zuwa 24, kuma fiye da mutum 95 cikin 100 sukan rabu da ƙwayar.

GISHIRI, KANWA DA DUNƘULE

Yaƙi da kumburin ciki a madafa yake farawa. Gishiri ke jan ruwa ya riƙe shi cikin jiki. Likitoci sukan ce kada majinyaci ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cokalin shayi guda shafe, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Nan ne gidaje da yawa ke yin kuskure ba da sani ba. Uwargida takan daina zuba gishiri cikin miya, amma ta ƙara dunƙule biyu don ɗanɗano, alhali dunƙulen nan gishiri ne ya fi yawa cikinsa. Kanwa ita ma dangin gishiri ce wajen riƙe ruwa, ko cikin wake take, ko cikin miyar kuka da kuɓewa, ko cikin kunun kanwa da ake ba marar lafiya don tausayi. Kilishi, da busasshen kifi mai gishiri, da kifin gwangwani, da yajin da aka daka da gishiri, duk suna cikin lissafi.

Dabarar ita ce a ɗibi miyar majinyaci tun kafin a zuba gishiri da dunƙule a tukunyar gida. A ƙara mata albasa, da tafarnuwa, da tumatir, da citta, da ɗan lemun tsami ko tsamiya. Makon farko zai yi ƙorafi. Bayan makonni kaɗan harshe yakan saba.

Lokotoro yakan rubuta maganin sa fitsari don rage ruwan. Ba a ƙara yawansa da ka, don yana iya taɓa ƙoda. Idan ciki ya cika har numfashi ya yi wuya, a asibiti ake zuƙe ruwan da allura mai tsabta, wani lokaci lita da yawa a zama guda. Ruwan yakan komo, a sake zuƙewa, wannan kuwa ba alamar sakaci ba ce, halin ciwon ne. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a bisa cikin. Jinin mai ciwon hanta ba ya daskarewa da wuri, raunin yakan yi ta yoyo, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga.

A CI KAƊAN, A CI SAU DA YAWA

A da an yi ta hana masu ciwon hanta nama da ƙwai da wake, har yau kuwa ana jin haka a garuruwa. Likitoci sun bar wannan magana. An gano cewa ramewa ce ke karya majinyaci: tun da hanta ta kasa ajiye sukari, idan ya kwana da yunwa sai jiki ya koma cin naman kansa. Yana bukatar wake, da nono, da ƙwai dafaffe, da kifi, da ɗan nama, tare da tuwo ko fura. Tun da ruwan ciki ya matse tumbi, ba ya iya cin kwano guda a zama ɗaya. Sai a raba masa abinci sau 5 ko 6 a yini, kuma a ba shi wani abu daf da kwanciya, kamar fura da nono ko kunun gero. Nonon ya zama na madarar da aka tafasa, ruwan sha mai tsabta, don jikinsa ba shi da ƙarfin kare kansa. Wanda ciwonsa ya kai haka, likitoci sukan hana shi azumi, kuma malamai sun san addini ya ba marar lafiya uzuri.

Akwai wani abin lura a ƙasar gyaɗa irin jihohin Maraɗi da Damagaram. Gyaɗa da masara da hatsin da aka ajiye da danshi sukan yi fumfuna, fumfunar kuwa tana zubar da wani dafi da ake kira aflatoksin. An gano shi bayan da talotalo wajen 100.000 suka mutu a Ingila a 1960, sanadin tunkuzar gyaɗa da aka ba su. Dahuwa ba ta kashe wannan dafi, kuma idan ya gamu da epatit B haɗarin kansar hanta yakan ninka sau da yawa. A shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a sa rumbu, a tsince ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi ɗaci, a zubar. Kada a mai da ita ƙuliƙuli ko tigadege don gudun hasara.

ALAMOMIN DA BA A JIRA GARI YA WAYE

Alamomi huɗu ne ya kamata kowa cikin gida ya sani, har yaron da ake aike.

Ta farko, aman jini, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari ƙwarai. Wannan yana nuna jijiya ta fashe a maƙogwaro ko a tumbi. Ko jinin ya tsaya da kansa yakan komo. A kwantar da majinyaci bisa gefe, kada a ba shi ci ko sha, a biɗi mota ko amalanke nan take. Ƴan uwa masu lafiya su bi shi, don ana iya bukatar ƙarin jini.

Ta biyu, rikicewar hankali. Takan fara a hankali: majinyaci ya yi ta barci da rana, ya kasa barci da dare, ya manta sunan ɗansa, ya zagi wanda bai taɓa zagi ba, hannuwansa su riƙa karkarwa idan ya miƙa su. Sau da yawa akan ce iskoki ne, a tafi biɗar turare. Dafin hanji ne ya hau ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya fi tada shi shi ne taurin bayan gida, ko zubar jini a ciki, ko zazzaɓi, ko maganin barci. Akwai wani ruwan magani mai zaƙi, laktuloz, wanda ake ba shi har ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau 2 ko 3 a yini. Da shi hankali yakan komo cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya fara irin wannan ba a barinsa ya hau babur ko ya je bakin rijiya, kuma abin da ya faɗa cikin ruɗewa ba a riƙe shi a zuci. Idan barci ya yi nauyi har ba ya farkawa sosai, ba a ɗura masa kome a baki, don kada ya shaƙe.

Ta uku, zazzaɓi ko ciwon ciki ga mai ruwan ciki. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga ruwan, kuma suna iya kisa cikin kwana biyu ko uku. Ba a cewa zazzaɓin sauro ne a sayi ƙwaya a kasuwa.

Ta huɗu, raguwar fitsari ƙwarai, wadda ke nuna ƙoda ta fara gajiya.

ABIN DA BA A BA SHI

Ranar da labari ya bazu, kowane mai gaisuwa yakan zo da nasa magani. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo sassaƙe, wani ya kawo kwalbar da aka ce daga ƙasar waje ta fito. Duk da kyakkyawar niyya suka zo. Amma duk abin da aka haɗiye, hanta ce za ta yi aikin tace shi, hantar kuwa ta riga ta gaji. Jiƙon da mai lafiya zai sha ya tashi, shi ne zai iya kada majinyaci, balle ma wasu jiƙe-jiƙen nan da kanwa ake haɗa su. Masu iya magana sun ce ba a ƙara wa Barno dawaki, to hakanan ba a ƙara wa jakin da ya durƙusa kaya.

Magungunan tebur da na masu yawo da tire su ma haɗari ne. Asfirin, da ibuprofen, da diklofenak, waɗanda ake sha don ciwon jiki, suna jawo zubar jini a tumbi, suna kuma kashe ƙoda. Taramol da maganin barci suna kai majinyaci ga dogon suma. Farasetamol kaɗai likitoci suka fi yarda da shi, shi ma kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya 4 masu miligiram 500, kuma sai an tambaya. Giya kuwa ko kurɓi guda babu.

Yana da kyau gida ya zaɓi mutum guda mai faɗa a ji, wanda duk magani sai ta hannunsa. Shi zai karɓi kyautar mai gaisuwa da godiya, ya ajiye ta gefe. A nan ne kuma ake cin amfanin karatu. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya samu ƙaramin littafi, kullum ya rubuta maganin da aka sha da lokacinsa, da yawan fitan bayan gida, da nauyin majinyaci idan akwai ma'auni. In babu, a auna ciki da zare daidai cibiya kowace safiya, a ƙulla alama. Ƙarin kilo guda cikin kwana biyu ba ƙiba ba ce, ruwa ne kamar lita guda. Wannan littafi ya fi dogon bayani amfani ranar da aka koma gaban lokotoro.

KADA A WARE MASA KWANO

A wasu gidaje, da an ji sunan cutar sai a ware wa majinyaci kwano da moɗa da tabarma, a hana yara shiga ɗakinsa. Wannan ba ya kare kowa, baƙin ciki kawai yake ƙara masa. Epatit B da C ba su bi ta cin abinci tare, ko musafaha, ko tari, ko gumi, ko cizon sauro. Ta jini suke bi, epatit B kuma har ta saduwar aure. Abin da ake warewa shi ne reza, da aska, da abin yankan farce, da burushin haƙori. Mai wanke jini ko amai ya sa safar hannu ko leda, ya wanke wurin da ruwan jabel.

Babbar kariya ita ce awon jini. Idan an iske epatit B ga mutum guda, ya kamata matarsa, da ƴaƴansa, da ƴan uwansa na ciki ɗaya, da mahaifiyarsa duk su yi awo. Wanda aka iske ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau 3. Wanda aka iske yana da ita kuwa ya shiga hannun likitoci tun hantarsa tana da ƙarfi, su duba ko lokacin fara magani ya yi. Mai tauraren hanta ana yi masa hoton ciki, wanda ake kira eko, kowane wata 6, don a ga kansa tun tana ƙarama.

Allurar rigakafin epatit B ta samu a duniya tun 1982. A Nijar an shigar da ita cikin allurar yara mai kare cututtuka 5 a 2008, ana yin ta a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa. Ke nan mafi yawan waɗanda aka haifa kafin wannan shekara ba su samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar a yi wa kowane jariri allura ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa. Macen da ta san tana da cutar ta faɗa wa ungozomar gidan likita tun wajen awon ciki, ta haihu a gidan haihuwa, ta kuma shayar da ɗanta nono ba tare da tsoro ba.

MAI JINYA DA DUKIYAR GIDA

Jinyar nan doguwa ce, kuma sau da yawa mace guda ake bar wa ita: ita ce daka, ita ce wanki, ita ce tashin dare. Bayan wata biyu sai a iske majinyata sun zama biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwana, a raba zuwa asibiti, waɗanda ke bariki ko ƙasar waje su ɗauki kuɗin magani a ƙayyade kowane wata, wanda ya fi aiko da mai yawa sau guda a yi shiru.

Kafin a sayar da gona ko saniyar noma, a zauna da lokotoro a tambaye shi a fili: wannan awo ko wannan tafiya, me za ta canza? Ana dashen hanta a ƙasashe kamar Indiya, da Masar, da Turkiyya, da Faransa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowane gida, kuma yana bukatar magani har ƙarshen rai. Duk wanda ya zo da alkawarin warkar da tauraren hanta cikin mako guda, aljihun gida yake so. Gonar da aka sayar masa, ita ce marayu za su nema gobe.

Wani lokaci kuma lokotoro yakan ce abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa masa. Wannan ma jinya ce, kuma tana da ƙa'idodinta. A jingina shi da matasai don numfashi. A juya shi kowace awa 2 don kada baya ya yi gyambo. A yanke masa farce, a shafa masa man kaɗe saboda ƙaiƙayi. A jiƙa masa leɓe, kada a tilasta masa ci. Idan zafi ya yi yawa, likitoci suna da magani mai ƙarfi, a nema, ba abin kunya ba ne. Idan ya tambayi gaskiyar halinsa, a faɗa masa cikin lalama tun hankalinsa yana nan, don ya samu ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya bar wasiyya, ya yafe, a yafe masa.

Kowace ranar 28 ga watan Yuli duniya tana tunawa da cututtukan hanta, ranar haihuwar Blumberg ke nan. Amma aikin na kullum ne. Ana kira ga hakimai da masu gari, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na samari, su riƙa yin wannan magana a dandali. Wanzamai su riƙe reza guda ga mutum guda, wajen aski da kaciya da tsaga. Ma'aikatan gidajen likita su ba mutanen gida lokaci, su yi musu bayani da harshen da suke ji. Gidan da ya yi jinyar mutum guda kuwa, kada ya naɗe tabarma sai ya kai sauran mutanensa awon jini. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada.